Kunun da Anti Laraba Ta Tace Sau Biyu

Wata huɗu ke nan da muka binne Mama, amma har yau in na farka da safe sai na kasa kunne, ko zan ji ƙarar cokali a cikin kofin silba daga ɗakinta. Na daɗe ina ɗaga rubuta wannan labari, saboda akwai wurin da in na iso dole in faɗi laifina da bakina. Sai ga shi makon jiya wata abokiyar aikina ta tare ni a ƙofar aji, ta ce mahaifinta ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, suna neman matar da za ta zauna da shi a gida. Ta tambaye ni, "Alheri, ku nawa kuka riƙa ba taku?" Amsar ba ta tsaye ba ce. To ga amsar nan, na zauna na rubuta.

Sunan mahaifiyata Hannatu, amma a unguwarmu a Kafanchan Malama kowa ke kiranta, don ta shekara talatin da ɗoriya tana koyar da 'yan aji uku na firamare. Babanmu ya rasu tun ina sakandare. Mu biyu ne gare ta: Yaya Bulus, wanda ke aiki a Abuja, da ni auta, ina koyarwa a wata sakandare a Kaduna. Bayan ta yi ritaya, rayuwarta ta koma 'yar gonar citta da waƙa a Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu. Tana da hawan jini. Takan sha magani in kanta ya yi nauyi, in ya sake ta sai ta ajiye, ta ce ba za ta mai da cikinta kemis ba.

Ƙarshen watan Yuli ne, kwana biyu da zuwana dogon hutu. An yi ruwa da asuba, duwatsun Kagoro sun fito fes kamar an wanke su. Muna zaune a baranda, tana tsintar tsakuwa daga cikin acca a faranti, tana ba ni labarin waɗanda suka yi aure ba na nan. Sai farantin ya sulale daga cinyarta. Acca ta watse, kaji suka rugo. Na tashi ina korar kaji, har ina mita, kafin in ɗaga ido in ga fuskarta. Bakinta ya karkace, miyau na bin haɓarta, tana kallona kamar wadda ke tsaye a ɗaya gefen kogi.

Ihuna ne ya kawo Hajiya Asabe, maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata tun kafin a haife ni. Ita ta tsayar da keke, ita ta riƙe kan Mama a ƙirjinta har asibiti, ita ta tsaya a layin kati ni kuwa ina ta kuka kamar ƙaramar yarinya. Allah ya saka mata.

Mako biyu muka yi a ɗakin mata. Likita ya ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa. Aka tura mu Jos ɗaukar hoton kai, muka ɗauki shatar mota, kuɗin hoto da na mota suka cinye abin da Mama ta ajiye na citta ta bara. Ɓarin dama duka ya tafi, magana ma ta tafi. "To" kaɗai ta rage mata. In tana jin yunwa, "to". In na tambaye ta ko ta gane ni, "to". Amma ranar da matan Zumunta suka zo gaisuwa suka ɗauki waƙa a hankali, sai muka ji muryar Mama ta shiga, kalma bayan kalma, ba ta rasa ko ɗaya ba. Ba ta iya kiran sunana, amma tana iya yabon Ubangiji. Matan suka yi ta share hawaye da bakin zane.

Ranar sallama likitan ya ce mini, "Ki kula da abu biyu: bayanta da haɗiyarta." Na ce to. Na gane maganar baya, kar kwanciya ta yi mata gyambo. Ta haɗiya kuwa na ɗauka yana nufin kar a ba ta nama mai tauri.

A mako na uku gidanmu ya zama kamar tasha. Kowa ya zo da maganinsa. Wata gwaggonmu ta zo da saiwoyi cikin galan daga Zangon Kataf. Wani ya ce a kai ta wurin mai addu'a a kan dutse, kwana bakwai za ta tashi. Wata ta ce a riƙa gasa hannun da ruwan zafi har ya farka. Hajiya ta kawo man zaitun da dabino. Duk na karɓa na yi godiya. Amma da yamma kowa sai ya tafi, a bar ni da abin da babu wanda ya kawo maganinsa: ba na iya ɗaga Mama. Ranar farko da na gwada kai ta bayi, mu biyu muka zube a ƙasa. Ta dube ni ta ce, "To." Na zauna nan a siminti na yi kuka har na gaji.

Muka fara cigiyar mai jinya. An ce akwai waɗanda aka horar a Kaduna, amma da Yaya Bulus ya ji kuɗinsu, dubu saba'in a wata, sai ya yi fito a waya. A lokacin ne shugabar Zumunta ta ce akwai wata gwauruwa a Fadan Kaje, mai 'ya'ya uku, mai tsoron Allah, aikin fasa citta take yi a biya ta kullum, yanzu kuma ba lokacinsa ba ne.

Haka Anti Laraba ta shigo gidanmu, da 'yar jakarta ɗaya. Za ta kai shekara arba'in da biyar, gajera, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta duk ya yi kanta. Ashe Mama ta taɓa koyar da ita a aji uku, ajin ƙarshe da ta yi kafin a cire ta daga makaranta. Ta durƙusa a gaban gado, ta yi magana da irin Hausarmu ta nan da ba ta damu da mace ko namiji ba.

"Malama, ni ne Laraba. Wanda yake zama a baya yana barci, kina jefa masa alli."

Mama ta yi dariya da rabin bakinta. Tun faɗuwarta ba ta yi dariya ba sai ranar.

Da aka zo maganar kuɗi, na kira Yaya na ƙara muryar waya don ta ji. Ya ce, "Anti Laraba, ke 'yar gida ce. Ba za mu zauna muna cinikin albashi kamar da baƙuwa ba. Ga abinci, ga wurin kwana, duk wata kuma za a riƙa ba ki ɗan kuɗin sabulu."

Dubu ashirin yake nufi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Oga. Malama uwana ne."

Maganar ta yi mini daɗi sosai, har na rubuta ta a littafina da daddare. Sai daga baya na gane abin da muka yi. A wurinmu, abin da aka kira kuɗin sabulu ba a tayawa, ba a neman ƙari, godiya kawai ake yi. Mai karɓar albashi tana da lokacin tashi da ranar hutu. Mai karɓar kuɗin sabulu ba ta da ko ɗaya, don an ce taimako take yi, ba aiki ba.

Ga kuwa taimakon. Kafin gari ya gama wayewa ta ɗora ruwa, ta ɗaga Mama kamar jaririya ta yi mata wanka, ta shafe ta da man kaɗanya har tsakanin yatsu. Ta canza zanen gado sau biyu, wani lokaci sau uku. Damina ce, shanya ba ta bushewa, sai ta hura dutsen guga na gawayi ta bi zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Ta kwana a tabarma a gindin gado. Duk wannan tana hira da Mama, tana ba ta labarin ƙauye, tana amsa wa kanta. Ni aikina dafa abinci da karanta wa Mama Zabura.

Wata rana Hajiya Asabe ta kira ni ta katanga.

"Alheri, zo nan. Nawa kuke ba baiwar Allahn nan?"

Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa.

"Matar da ke tsare mini shago, daga hantsi zuwa la'asar tana zaune a kan kujera tana gyangyaɗi, ina ba ta fiye da haka."

"Ai Hajiya, ba albashi ba ne. Kuɗin sabulu ne."

"Sabulu? Wane irin sabulu ne wannan da yake ɗaukar mutum ya kai shi bayi? Ku 'yan boko kun iya sa wa abu suna. Ki faɗa wa Bulus in ji ni, ya ji tsoron Allah."

Na yi dariya, na ce zan faɗa masa. Ban faɗa ba.

Duk Alhamis muna kai Mama wurin masu gashin ƙashi. Can muka san Sista Marta, doguwar mata mai faɗa da kirki. Ƙarshen watan Agusta ta ce mana ita da wasu tsofaffin nas suna shirya horo na kwana uku a zauren wata majami'a, don masu jinya a gida. Duk bayan wata uku suke yi. Dubu goma sha biyar ne har da abinci, a ba mutum takardar shaida. Wurin ƙarami ne, mutum ɗaya ake karɓa daga kowane gida.

"Kar ku turo mini mai biyan kuɗi," in ji ta. "Ku turo mini wadda cokali yake hannunta."

Anti Laraba na tsaye riƙe da keken marasa lafiya da muke tura Mama a ciki. A hanyar gida ta tambaye ni a hankali, "Ƙaramar Malama, da Hausa ne ake yi?" Na ce Sista ta ce da Hausa da Turanci. Da yamma na ga ta wanke atamfarta ta zuwa sujada ta shanya a baranda.

Na kira Yaya. Ba na so in zalunce shi a rubutun nan. Shi ke ɗauke da kuɗin magani, da na gashi, da makarantar 'ya'yansa, kuma na san akwai watan da bashi ya ci ya turo. Ya saurare ni, sannan ya ce:

"Auta, ki yi tunani. Yau ta samu satifiket, gobe wani mai kuɗi ya ji labari ya ninka mata, ta tafi. Mu kuma mu yi yaya? Ko ta zo ta ce a ƙara mata, daga ina? Sannan in ta tafi kwana uku, ke za ki iya ɗaga Mama? Ke ki je. Ke kika yi makaranta, za ki fi ganewa. In kin dawo sai ki koya mata."

Ban yi gardama ba. Gaskiya ce ba zan iya da Mama ni kaɗai ba. Akwai kuma wata gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba: ina marmarin fita daga ɗakin nan mai warin magani, in zauna a benci da biro a hannu, in zama ɗaliba ko da na kwana uku. Da na faɗa wa Anti Laraba, ta ce, "To, ba komai. Ku ne masu boko." Ta kwashe atamfar ta ninke ta mayar jaka.

Na je, na kuwa yi ƙoƙari. Sabon littafi na saya. A rana ta biyu Sista Marta ta shigo da kofi biyu, ɗaya ruwa, ɗaya kunu mai kauri. Ta ce a maƙogwaron mutum akwai 'yar ƙofa da ke rufe hanyar iska duk lokacin da ya haɗiye abu. Wanda jikinsa ya shanye, ƙofarsa takan yi nawa. Ruwa yana da gudu, kafin ƙofa ta rufe ya wuce zuwa huhu. Abu mai kauri kuwa a hankali yake tafiya, yana jiran ƙofa. Ta ɗebo kunun ta karkata cokali, ya sauko da ƙyar kamar zuma.

"Kun gani? In ya zuba kamar ruwa, kar ku ba su. Na san abin da iyayenmu suka koya mana, wai marar lafiya sai abu mai ruwa-ruwa. Ga waɗannan, shi ne yake kashe su."

Na rubuta duka da Turanci, na ja layi biyu a ƙasa. A gefen shafin har na rubuta 'yan baitoci a kan ƙofar da ke rufewa a makare. Ina da su har yanzu, ba na iya kallonsu.

Kwana huɗu suka rage a koma makaranta. Na yi su a guje: sayen magani na wata guda, neman katifa mai laushi, sallamar masu noman citta. Sai ranar Lahadi bayan sujada na zaunar da Anti Laraba, mota na jirana da ƙarfe uku. Na nuna mata juyi duk bayan awa biyu, da inda ake sa filo tsakanin gwiwoyi. Sau ɗaya na nuna, ta yi shi fiye da ni. A kan abinci na ce, "A zaune, da ƙaramin cokali, a hankali." Na bincika zuciyata sau ba adadi ko na ambaci kauri. Ban samu ba. Ban ga dalili ba ma a lokacin, don Mama ba ta tari. Abin da ban lura ba shi ne, ni ke dafa mata abinci duk makonnin nan, kuma ban taɓa iya dama kunu ba, kullum nawa sai ya yi kamar fate. Rashin iyawata ne yake kare ta.

Na ɗora littafin a kan firij na ce, "In kin manta wani abu, ki duba nan." Haka na ce wa matar da ta tsaya a aji uku. Ta ce to.

Daga Kaduna kullum da yamma ina kira. Makon farko lafiya lau. A na biyu ta ce, "Malama ba ya son abinci, amma yana shan kunu." Na ji daɗi. A na uku ta ce akwai ɗan tari, tana dafa mata ruwan citta da zuma. Na ce madalla. A na huɗu zazzaɓi ya shigo, mai kemis ya ce maleriya ce, aka yi allurai, ya sauka ya dawo. Duk Juma'a sai in ce zan zo, sai aikin makaranta ko kuɗin mota ya hana. Sai a mako na shida, da hutun rabin zango, na iso gida.

Bayan Mama sumul, babu ko ɗigon gyambo. Gashinta a kitse, ɗakin na ƙanshin sabulu. Amma ta rame, numfashinta gajere. Ranar Asabar da la'asar matan Zumunta suka zo suka ɗauki waƙa, Mama ta shiga kamar yadda ta saba. Muryar ce ta tsayar mini da zuciya. Tana fita da gurgura, kamar mai waƙa daga ƙarƙashin ruwa.

Bayan sun tafi Anti Laraba ta kawo kunun acca a kofin silba. Ta zaunar da Mama daidai yadda na koya mata, ta ɗebo da ƙaramin cokali. Na ga yana zuba daga cokalin kamar ruwan sama daga indararo.

"Anti Laraba, me ya sa ya tsinke haka?"

Ta dube ni da fara'ar wadda ke jiran yabo.

"Sau biyu na tace, Ƙaramar Malama. Maƙogwaronsa ba ƙarfi. Da ya fara tari na ƙara ruwa, kar ya tsaya masa a wuya. Har madara ina sa masa."

Shafin nan mai layi biyu ya buɗe a idona. Na karɓe kofin daga hannunta da ƙarfi har ya zube mini a zane. Na ruga kicin. Littafin yana nan a kan firij inda na bar shi. Ta naɗe shi a leda, ta ɗaure, kar mai ya ɓata shi.

Ranar muka koma asibiti. Layin kati, layin hoton ƙirji, layin biyan kuɗin iskar oksijin. Likita ya ɗaga hoton a gaban taga ya nuna mini wani farin gajimare a ƙasan huhun dama. Ya ce, "Abinci ne ya daɗe yana bin hanyar iska." Aka zura mata siririyar roba ta hanci har ciki, aka ce daga yau ta nan za ta riƙa ci. Waƙa ta ƙare daga ranar.

Kashegari Yaya Bulus ya iso daga Abuja, idonsa ja. Ya ji bayanin likita, ya fito ya same mu a ƙarƙashin mangwaron da masu jinya ke shanya. Ya nufi Anti Laraba.

"Ke! Mun ba ki amanar uwarmu, kin zauna kina ɗura mata ruwa a huhu? Kusan wata ɗaya tana tari, ba ki da hankalin da za ki gane?"

Ta zube a gwiwa, ta ɗora hannu biyu a ka. Mutane suka fara juyowa. Ni kuwa ina tsaye na yi shiru. Ban san tsawon shirun ba, amma na san ya isa a ce na yarda a ɗora mata. Da ƙyar na ji muryata ta fito.

"Yaya, ni aka koya wa. Ban faɗa mata ba."

"Ba ki faɗa mata ba kamar yaya?"

"Na rubuta a littafi. Da Turanci."

Ya tsaya yana kallona. Sai Anti Laraba ta miƙe, ta karkaɗe gwiwarta. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana da Yaya ba sai ranar, kuma ba ta ɗaga murya ba.

"Oga, ni ban san akwai ƙofa a wuyan mutum ba. Uwana da ya yi ciwo, kunu mai ruwa muka ba shi. Mijina ma haka. Ranar da Sista ya ce a turo mai cokali, ina wurin. Na wanke kayana. Na ji abin da ka faɗa a waya, wayan yana da ƙara. Ka ce zan gudu. Ina zan gudu? Wata uku ban je na ga yarana ba. Kuɗin sabulu da kuke ba ni, sabulun Malama nake saya da shi, da zuma, da madara. Ban ce ku ƙara mini ba. Amma da kun bar ni na je kwana uku ɗin nan."

Yaya ya nemi benci ya zauna, ya rufe fuska da hannu.

Kafin ya koma Abuja ya kira ta a gabana. Ya ce daga watan nan albashi ne, dubu hamsin, kuma duk Lahadi tata ce. Ya roƙe ta gafara. Ya je da kansa ya biya mata kuɗin horo na gaba, wanda za a yi a Disamba. Ban san inda ya samo kuɗin ba. Abin da na sani, da ya zama dole, an samo.

Kwana goma sha ɗaya muka yi aka sallame mu. Nas ɗin da ta nuna mana yadda ake ba da abinci ta roba, sau ɗaya ta nuna, Anti Laraba ta karɓi sirinji ta yi. Nas ta ce, "Wannan ai hannunta na aikin ne. A ina ta yi horo?" Na sunkuyar da kai.

Na ɗauki hutu ba albashi na zauna gida. Mama ta ƙara mako uku tare da mu. Ko "to" ɗin ta daina. Wata safiya a ƙarshen Nuwamba, an fara tonon citta, ƙanshinta ya cika unguwa, Anti Laraba na taje mata kai ni ina karatu, sai numfashin ya yi nisa, ya ƙara nisa, bai dawo ba. Likita ya ce mai yiwuwa huhun ne bai warke ba, mai yiwuwa kuma wani jinin ne ya sake toshewa. Babu mai iya rantsewa. Fasto ya ce kwana ne ya ƙare, na kuwa gaskata. Amma gaskatawar ba ta hana ni ganin cokalin nan yana zuba ba.

Ina godiya ga matan Zumunta, da Hajiya Asabe, da Sista Marta wadda ta faɗa mana gaskiya tun farko muka ƙi ji. Ga abokiyar aikina da duk wanda wannan ya same shi kuwa, abin da zan ce kaɗan ne. In kun ɗauki mai jinya, ku kira kuɗinta albashi ko da 'yar'uwarku ce, ku faɗi ranar hutunta tun ranar farko. In an ce a zo a koyi wani abu, ku tura wadda take yi da hannunta. In ta koya ta tafi, ta tafi da abin da zai ceci uwar wani. Mu da muka hana tamu don kar ta tafi, ita tana nan, Mama ce ta tafi. Yanzu Anti Laraba tana jinyar wani dattijo ɗan'uwan Hajiya a Zangon Kataf, kuma da bakinta ta yanka kuɗinta.

Horon ya faɗo kwana goma sha biyu bayan mun binne Mama. Na ɗauka ba za ta je ba. Ta je. A rana ta uku da la'asar ina zaune a baranda, daidai inda farantin acca ya faɗi, sai ga ta ta shigo cikin atamfar nan ta zuwa sujada, takardar shaidarta a leda. Ba ta zauna ba. Ta ajiye ledar a kan firij, kusa da littafina, ta hura wuta. Na ji ƙarar muciya a tukunya. Can ta fito da kofin silbar Mama da ƙaramin cokali, ta tsuguna a gabana. Ta ɗebo, ta karkata cokalin. Kunun ya taru a baki, ya tsaya, sannan ya sauko a hankali.

"Haka ne, ko, Ƙaramar Malama?"

"Haka ne, Anti."

Ta daɗe tana kallon cokalin.

"Shi ke nan fa," in ji ta. "Ko wuya babu."

Ta ajiye kofin a tsakaninmu. Muka zauna har rana ta faɗa bayan duwatsu, kunun ya huce, babu wadda ta taɓa shi.